Tiyatar Rage Tumbi: Shirin Tafiya da Jinyar Gida

An daɗe a ƙasarmu ana ɗaukar ƙiba alamar hutu da wadata. Idan mutum ya yi teɓa sai a ce ya samu duniya, idan amarya ta murje sai a yaba wa angonta. Amma duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwansa layin masu ciwon suga da hawan jini a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru ya san ƙiba mai yawa cuta ce. Tana cinye gwiwa, tana wahalar da zuciya, tana toshe numfashi cikin barci, tana kuma iya hana mace samun ciki. Shi ya sa wasu daga cikinmu suka fara tambaya game da tiyatar rage tumbi, wadda ake zuwa yi a manyan asibitocin Abuja da Legas, ko a Masar, Indiya da Turkiyya. Aikin kansa bai cika wuce awa biyu ba. Jinyar kuwa a gida ake yin ta, cikin zafin Nguru da Gashuwa, kuma a nan ne ake cin riba ko a yi asara.

Mene ne aikin, kuma wa ya dace da shi?

Likita yana huda ciki a wurare huɗu ko biyar, ya zura kyamara da siraran kayan aiki, ya yanke kusan kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na tumbi ya fitar. Abin da ya rage siriri ne mai tsawo, cikinsa bai fi ƙaramin kofin shayi ba. Ɓangaren da aka cire shi ke samar da mafi yawan sinadarin girelin mai sa jin yunwa, don haka ga saurin ƙoshi, ga raguwar sha'awar abinci. Yawancin mutane kan sauke kusan kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na nauyinsu a cikin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, da yawa kuma sugansu da jininsu kan daidaita. Sai dai a sani, abin da aka yanke ba ya dawowa har abada.

Ba aikin kwalliya ba ne. Likitoci suna duba ma'aunin BMI: a raba nauyin mutum a kilo da tsayinsa a mita, a sake raba abin da ya fito da tsayin. Mai tsayin mita 1.65 da nauyin kilo 110 ma'auninsa ya kai 40. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi tun 1991 ita ce 40, ko 35 idan akwai wata cuta kamar suga. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sassauta zuwa 35, ko 30 ga mai ciwon suga da makamantansa. Wanda bai kai nan ba, gyaran abinci da motsa jiki da kulawar likita ne hanyarsa.

Kafin a kama hanya

Shiri yana farawa daga gida. A je asibiti a auna suga, hawan jini, yawan jini, lafiyar hanta da ta ƙoda. Gwajin ƙoda ba abin wasa ba ne a wajenmu, domin kowa ya san yadda ciwon nan ya addabi Gashuwa da ƙauyukan Bade. A nemi a duba ƙwayar cutar da ke haddasa gyambon ciki, wadda ta yawaita a Najeriya, a magance ta kafin aiki. Mai fama da ƙwannafi mai tsanani ya faɗa wa likita tun farko, domin wannan tiyata tana iya ƙara shi, wataƙila wani nau'in aikin ne ya fi dacewa da shi. Kada a ɓoye komai da ake sha, ko na kemis ne, ko jiƙo, ko shayin rage teɓa da ake talla a waya.

Mai shan sigari ko shisha ya bari aƙalla mako shida kafin aiki, domin hayaƙi yana hana ɗinki kamawa. Kusan mako biyu kafin ranar, za a ɗora mutum kan abinci mara mai da suga, tuwo da shinkafa kaɗan ƙwarai. Dalili shi ne hantar mai ƙiba takan kumbura da kitse ta rufe tumbi, dole ta saɓe kafin likita ya ga wurin aikinsa.

Sai tambayoyin da ya kamata a yi kafin a biya ko sisi. Sau nawa likitan ya yi irin wannan aiki? Asibitin yana da ɗakin kulawa ta musamman? Wa za a kira idan matsala ta taso bayan an dawo? A karɓi cikakken rahoton aikin a rubuce, a kuma samu likita a nan gida da ya san da maganar tun kafin a tafi. A lissafin kuɗi a saka na bitamin da gwaje-gwaje da komawa ganin likita. Wanda ya sayar da gona ko shanu ya biya tiyata kaɗai, bai gama lissafi ba.

Makonnin farko

Ana kwana ɗaya zuwa uku a asibiti, kuma tun ranar aikin ake tayar da mutum ya taka, don kada jini ya daskare a jijiyoyin ƙafa. Kada a yi gaggawar dawowa sai likita ya amince. A doguwar tafiyar mota daga Kano ta Haɗeja zuwa Nguru, a riƙa tsayawa ana miƙe ƙafa. Ɗaukar kaya masu nauyi sai bayan mako huɗu zuwa shida.

Abin da aka fi tsoro shi ne ɗinkin tumbi ya yi yoyo. Ba ya yawan faruwa, bai fi mutum ɗaya ko biyu cikin ɗari ba, amma yana kisa idan aka yi jinkiri. Alamominsa su ne zazzaɓi, bugun zuciya da ya haura 120 a minti, ciwon ciki mai ƙaruwa, ciwon kafaɗar hagu da sarƙewar numfashi. A nan ne al'adarmu take da haɗari: da jiki ya yi zafi sai a ce zazzaɓin cizon sauro ne, a aika yaro kemis. Ga wanda aka yi wa wannan aiki, zazzaɓi a makonnin farko maganar asibiti ce a wannan sa'ar, da takardar aikin a hannu. Haka ma kumburin ƙafa ɗaya, baƙin bayan gida, ko amai da ya ƙi tsayawa, domin yawan amai yana ƙarar da bitamin B1 har jijiyoyi su taɓu.

Ruwa, ruwa, ruwa

A watannin Afrilu da Mayu zafin Nguru yakan wuce digiri 40. Mai lafiya zai ɗaga moɗa ya shanye a tashi ɗaya. Mai sabon tumbi ba zai iya ba, ga shi kuma yana bukatar lita ɗaya da rabi zuwa biyu a kullum. Mafita ita ce gora a hannu daga asuba zuwa dare, kurɓi kaɗan, a huta, a sake kurɓa. Idan fitsari ya yi ja ya ragu, ko jiri ya kama mutum da ya miƙe, ruwan jiki ya yi ƙasa, ƙoda ce kuma ke biyan bashin. Wanda ke da zaɓi ya sa ranar aikinsa ta faɗo a lokacin sanyi.

Magungunan ciwon jiki irin su Diclofenac da Ibuprofen, waɗanda ake saya kamar alewa, an yi ban kwana da su sai da izinin likita, domin suna haddasa gyambo a tumbi, suna kuma cutar da ƙoda. Mai shan maganin suga ko na hawan jini ya riƙa aunawa, ya koma a rage masa, don tsohon adadin zai iya yi masa yawa har ya faɗi.

Abinci daki-daki

Kusan mako biyu na farko ruwa-ruwa ne zalla: romon kifi ko na kaza da aka tace, madarar da aka tafasa, kindirmo mara suga. Mako biyu na gaba abin da aka markaɗa ya yi sumul. Sannan mai laushi: alale, ƙwai, waken da ya dahu luguf, tsokar tarwaɗa ko karfasa da aka cire wa ƙaya. Allah ya hore mana kifi a dausayin Haɗeja da Nguru, shi ne kuwa babban gatan mai jinya, tunda jikinsa yana neman giram 60 zuwa 80 na furotin a kullum. Wajen mako na shida zuwa na takwas ake komawa abincin gida, a fara da kifi ko nama da ganye, tuwo ya zo a ƙarshe. Kilishi da tsire su jira. A tauna sosai, kuma a raba ci da sha da rabin awa.

Lemon kwalba, fura mai suga, kunun zaƙi da shayi mai kauri suna wucewa ta siririn tumbi ba tare da an ji ƙoshi ba. Ta wannan ƙofa ce ƙiba ke komowa bayan shekara biyu ko uku.

A nan iyali suke da babban aiki. An ajiye tire, kowa ya sa hannu, mai jinya ta yi loma uku ta janye. Sai gwaggo ta ce, “Haba 'yar nan, ko tsuntsu ya fi ki ci, daure ki ƙara.” Ƙauna ce ta sa ta faɗa, amma lomar nan ta huɗu ita ce amai da ciwon ƙirji. A zuba wa mai jinya nata a ƙaramin kwano, a bar ta ta ci a tsanake, kada a ja ta da gori a gidan biki ko na suna.

Abin da ba ya ƙarewa

Bitamin na yau da kullum, da B12, da na ƙarin jini, da na ƙarfin ƙashi, sha ne na tsawon rai, tare da gwajin jini lokaci-lokaci a shekarar farko, daga baya ko sau ɗaya a shekara. Gashi kan zube tsakanin wata na uku da na shida, yakan kuma dawo. Saurin ramewa yana iya kawo tsakuwa a madaciya, don haka ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama abin dubawa ne.

Mace ta jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18, kuma ta sani haihuwa takan buɗe da zarar nauyi ya sauka. Ita da maigida su je asibiti tare a tsara tazarar tun kafin aiki. Batun azumi kuwa, likitoci kan hana shi a watannin farko saboda ƙarancin ruwa, addini kuma ya yi wa mara lafiya rangwame ya rama daga baya. A tambayi likita, a tambayi malami, kada kunyar mutane ta sa a jefa rai cikin halaka.

Jama'a, wannan tiyata ta ceci mutane da yawa daga suga da hawan jini, kuma babu abin kunya ga wanda ya neme ta. Amma duk mai niyya ya zaunar da iyalinsa tun yanzu, a san wa zai dafa, wa zai raka asibiti cikin dare, da inda kuɗin magani zai fito shekara bayan shekara. Idan an amsa waɗannan, sai a nemi likita ƙwararre a yi shawara. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara mana lafiya mai amfani.