Mene ne "rabon adalci" na matsugunan marasa gida?

Kalmar tana yawan fitowa a labaran jihar Kalifoniya ta Amurka. Ma'anarta ita ce kowane gari ya samar da wurin kwana ga marasa gida gwargwadon girmansa, kada garin da ya fara ginawa ya zama matattarar mutanen yankin gaba ɗaya.

Dokar jihar mai lamba SB 2, ta 2007, ta tilasta wa kowane gari ya ware yankin da za a gina matsuguni ba tare da neman izini na musamman ba. Ta kuma yarda gari ya haɗa kai da maƙwabta biyu.

Sai dai ware fili daban, gini daban. A gundumar Orange mai garuruwa 34, birnin Santa Ana ya daɗe yana kukan an bar masa ɗawainiya, yayin da mazauna garuruwan kudu masu arziki ke cewa a kai matsugunan wani wuri. A 2018 maganar ta kai gaban alƙalin tarayya David Carter.

Wanda ke shan wahala shi ne mara gidan, da ake korarsa daga wannan gari zuwa wancan. A 2024 Kotun Ƙolin Amurka ta ce gari na iya hukunta mai kwana a titi ko da babu gadon da za a ba shi.