Kafin a dasa maka haƙori, a fara duba ƙashin

Faɗuwa na yi daga kan kilando a hanyar Farcha, haƙorina na gaba na sama ya karye har cikin dasashi. Da na je wajen likitan haƙori a nan Njamena, buƙatata ɗaya ce: a cire guntun, a dasa mini sabo a ranar, domin na ji ana yin haka a Tunis da Alƙahira. Ya yi murmushi ya ce, "Malam, ana yi. Amma haƙori ba a dasashi yake tsayawa ba, a ƙashi yake. Sai na ga ƙashinka tukuna."

Abin da ake dasawa ɗan ƙarfe ne na titaniyom mai kama da kusa, wanda ƙashi ke kamawa ya manne da shi. Wani likitan Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, shi ya fara sa wa mutum irinsa a 1965. Idan za a sa shi a ranar da aka cire haƙori, ramin da saiwa ta bari ya fi ƙarfen faɗi, don haka dole a samu lafiyayyen ƙashi kamar milimita 3 zuwa 5 a bayan ƙarshen saiwar da zai riƙe shi.

A nan hoto ke shigowa. Hoton da muka saba kira radiyo yana nuna tsayin ƙashi, amma ba ya nuna kaurinsa. Shi ya sa ya tura ni sikana. Akwai ma irinta ta musamman don muƙamuƙi, CBCT, wadda ta fito a ƙarshen shekarun 1990.

Da sakamakon ya fito, ya juyo mini da fuskar kwamfuta yana bayani. A muƙamuƙin ƙasa akwai jijiya da ke bi ta cikin ƙashi. In ƙarfe ya taɓa ta, leɓe da haɓa na iya mutuwa na watanni, wani lokaci har abada, shi ya sa ake barin tazarar milimita 2. A sama, bisa turamen haƙora, akwai kogon iska da ke haɗe da hanci. A gaba kuma, inda nawa ya karye, bangon ƙashi na wajen leɓe sau da yawa bai kai milimita 1 ba. Nawa ya tsage a faɗuwar. Da an dasa a ranar, dasashi zai iya janyewa har ƙarfen ya leƙo.

Na ce to, in bari sai na tara kuɗi? Ya ce a'a, jinkiri ma da nasa haɗarin: bayan cire haƙori, ƙashin wurin na iya rasa kusan rabin faɗinsa cikin shekara guda. Sai ya cire guntun, ya cike ramin da garin ƙashi, muka jira wata huɗu.

Ga abin da ya shafe mu Musulmi. Dashen kansa malamai ba su hana ba, suna kafa hujja da sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda Annabi (SAW) ya umarta ya sa hancin zinariya. Amma garin ƙashin galibi na saniya ne ko na roba-roba da aka haɗa, kuma 'yar fatar da ake rufe shi da ita sau da yawa daga alade take. Na tambaya, aka zaɓa mini wadda ba ta dabba ba. Da ban tambaya ba, ba wanda zai faɗa mini.

Ɗan'uwa, ko a Njamena za ka yi, ko ka tsallaka Kusiri ka nufi Yawunde, ka nemi a nuna maka hoton ƙashinka. Ka faɗi gaskiya in kana da ciwon suga ko kana shan taba, domin duka biyun suna iya hana ƙashi kama ƙarfe. Wanda ya ce zai dasa maka yau-yau bai ga ƙashin ba, ka ɗauki hularka ka fita.