Sauti da shiru: Daniel Barenboim da tarbiyya ta hanyar kiɗa

Duk wanda ya taɓa fassara kalmar Faransanci musique zuwa Hausa ya san wuyar abin. Muna da kiɗa, muna da waƙa, muna da busa, amma babu kalma guda da ta tattara su ukun. A cikin wannan maƙala za mu yi amfani da kalmar kiɗa da faffaɗar ma'ana, wato duk wani sauti da aka tsara da gangan domin a saurara. Abin da za mu duba shi ne aikin wani makaɗin piyano, Daniel Barenboim, wanda ya share fiye da shekara 70 yana wasa gaban jama'a, sannan ya mai da abin da yatsunsa suka koya masa ya zama ra'ayi a kan tarbiyya, har ya gina makaranta a kan wannan ra'ayi.

1. Makaɗin

An haife shi a Buenos Aires, ƙasar Ajantina, ranar 15 ga Nuwamba 1942. Iyayensa Yahudawa ne masu asali daga Rasha, kuma dukansu biyu malaman piyano ne. Uwarsa ce ta fara ɗora masa hannu a kan piyano yana ɗan shekara 5, daga nan ubansa ya karɓe shi, bai kuma sake wani malamin piyano ba. Ya yi wasansa na farko gaban jama'a a 1950, yana da shekara 7. A 1952 gidansu ya ƙaura zuwa Isra'ila. A 1954, a Salzburg, ya shiga ajin Igor Markevitch na koyon jagorancin makaɗa, ya kuma yi wasa gaban Wilhelm Furtwängler, babban madugun makaɗan Jamus. Furtwängler ya gayyace shi ya je Barlin ya yi wasa, uban ya ƙi: shekara 9 kacal da ƙarewar yaƙi, a ganinsa lokaci bai yi ba da ɗan Bayahude zai yi kiɗa a wannan birni. A 1955 ya tafi Paris wajen Nadia Boulanger, inda ya koyi ilimin haɗa sautuka (harmonie).

Sauran tarihin sananne ne, ba za mu daɗe a kansa ba. Ya naɗi sonata 32 na Beethoven a faifai ba sau ɗaya ba. Ya jagoranci Orchestre de Paris daga 1975 zuwa 1989, da ƙungiyar makaɗan Chicago daga 1991 zuwa 2006, da gidan opera na Staatsoper a Barlin daga 1992 zuwa farkon 2023.

2. Abin da piyano ke koyarwa

Domin a gane ra'ayinsa sai an fara gane yadda kayan kiɗan yake aiki. Piyano yana da maɓallai 88. In an danna maɓalli, wata ƴar guduma mai kan ulu ta tashi ta bugi tsirkiya, ta koma nan take. Daga wannan lokaci makaɗi ba shi da sauran iko a kan ƙarfin sautin: sautin ya fara mutuwa tun daga haihuwarsa. Mai karatu ya kwatanta gurmi da goge. Mai goge yana iya riƙe sauti guda, ya ƙara masa ƙarfi ko ya rage, muddin izgar tana tafiya a kan tsirkiya. Haka mai algaita da numfashinsa. Mai gurmi kuwa in ya taɓa tsirkiya ya gama. Piyano, duk girmansa, a sahun gurmi yake.

To amma waƙoƙin da Mozart da Schubert suka rubuta wa piyano suna bukatar a ji su kamar muryar mutum, sauti yana zubowa cikin sauti ba yankewa. Yaya za a yi? Sai makaɗi ya saurari yadda sautin farko yake dushewa, ya auna ƙarfin da ya rage masa, ya buga na biyu daidai da wannan ma'auni. In ya yi daidai, kunnen mai sauraro ya haɗa su ya ji layi guda. Ke nan aikin hannu yana bayan aikin kunne, kuma abin da ake sauraro shi ne abin da ke kan ɓacewa.

Daga nan Barenboim ya ciro tushen tunaninsa, wanda ya shimfiɗa a laccoci 5 da ya yi wa BBC a 2006 (laccocin Reith), da laccocin Norton na Jami'ar Harvard a wannan shekara, da littafin da ya fito da Faransanci a 2008 da sunan La musique éveille le temps. A ganinsa dangantakar sauti da shiru kamar ta abu ce da ƙasa: in ka ɗaga dutse, sai ka ci gaba da kashe ƙarfi kafin ya tsaya sama, in ka sake shi ya faɗi. Sauti daga shiru yake fitowa, can kuma yake komawa, riƙe shi aiki ne. Saboda haka sautin farko na waƙa ba shi ne farkonta ba, shirun da ya gabace shi yana cikinta, haka kuma wanda ya biyo bayan sautin ƙarshe.

Ɗalibin ilimin harshe zai tuna da Saussure a nan. A cikin Cours de linguistique générale (1916) an nuna cewa alamar harshe, da yake ta sauti ce, a kan layin lokaci take tafiya, ƙwayar sauti bayan ƙwayar sauti. Kiɗa ma haka ne, ba a komawa baya a cikinsa kamar yadda ido ke komawa kan shafi. Amma akwai inda suka rabu, kuma a nan ne duk maganar tarbiyyar ta rataya. In mutum biyu suka yi magana lokaci guda, hayaniya ce. A kiɗan Bach kuwa murya biyu, uku, huɗu suna tafiya tare, kowace da hanyarta, wata tana musanta wata, kuma ana jin su duka. Wannan shi ake kira contrepoint; za mu ce da shi saƙar muryoyi.

3. Kunnen da aka yi wa sakaci

Barenboim yana yawan tunatarwa cewa kunne ya riga ido fara aiki, tun jariri yana ciki. Binciken harshe ya goyi bayansa: a 1988 Jacques Mehler da abokan aikinsa a Paris sun nuna cewa jariran Faransawa ƴan kwana 4 suna bambanta Faransanci da Rashanci ta hanyar kari da tafiyar magana. Amma da zarar yaro ya shiga makarantar boko sai a mai da shi ɗan kallo: allo, littafi, hoto. Kiɗa kuma ya koma abin da ake sakawa a kanti ko a otel ba don a saurara ba. A ganinsa wannan yana koya wa mutum ya ji ba tare da ya saurara ba.

Hausa tana da abin cewa a nan. Aikatau ji ya ɗauki sauti da zafi da ƙamshi da fahimta gaba ɗaya: an ji ƙara, an ji yunwa, an ji Hausa, yaro ba ya jin magana. Saurara kuwa sai da niyya, kuma abin lura ne cewa kalmar tana ɗauke da ma'anar dakatawa, kamar a ce "saurara mini kaɗan". Wanda zai saurara sai ya tsaya. Ɗan Bahaushe da ke raba fara ta ƙwaro da fara ta soma aiki da fara ta launi da karin sauti da tsawon wasali kawai, ya riga ya sami horon kunne mai zurfi tun a goye, rubutunmu na boko kuma ba ya nuna ko ɗaya daga cikin biyun.

A fagen da jami'o'in Amurka ke kira falsafar koyar da kiɗa an daɗe ana jayayya tsakanin ra'ayi biyu. Bennett Reimer, a littafinsa na 1970, ya ɗora darajar kiɗa a kan abin da mai sauraro ke ji a zuciya gaban kyakkyawan aiki. David Elliott, a 1995, ya amsa da cewa kiɗa aiki ne da mutane ke yi, da yi ake koyonsa. Barenboim ba daga wannan fage ya fito ba, karatunsa na falsafa ya fi karkata ga Spinoza, wanda ya ce tun yana yaro yake karanta shi. Ya fi kusa da Elliott wajen fifita yi, amma ya ƙara wani mataki: ya bambanta koyar da kiɗa da tarbiyya ta hanyar kiɗa. Manufar ta biyun ita ce yaro ya koyi yadda ake faɗin ra'ayi ana kuma jin na wani a lokaci guda, tun da abin da ɗan ƙungiyar makaɗa yake yi ke nan a kowane daƙiƙa. A kan haka ya buɗe makarantar renon yara ta kiɗa a Ramallah a 2004, da wata a Barlin a 2005.

4. Diwani

A farkon shekarun 1990 ya haɗu da Edward Said a wani otel a Landan. Said Bafalasɗine ne, haifaffen birnin Ƙudus a 1935, malamin adabi a Jami'ar Columbia, marubucin L'Orientalisme (1978), kuma shi ma gwanin piyano ne. Said ya riga ya ari kalmar contrepoint ya shigar da ita nazarin adabi, inda ya nemi a karanta labarin mai mulkin mallaka da na wanda aka mallaka tare. A 1999 su biyun suka tara matasan makaɗa daga Isra'ila da Falasɗinu da sauran ƙasashen Larabawa a Weimar, garin Goethe, a shekarar cikarsa 250 da haihuwa. Sun ba ƙungiyar sunan diwanin waƙoƙin da Goethe ya fitar a 1819 bayan ya karanta Hafiz na Farisa, wato Diwanin Yamma da Gabas. Kalmar diwani ba baƙuwa ba ce ga almajiranmu. Da rana ana gwajin kiɗa, da dare Said yana jagorantar muhawara. Daga 2002 ƙungiyar ta sami mazauni a Seville, yankin Andalus. Said ya rasu a Satumba 2003, bai ga wasan da ƙungiyar ta yi a Ramallah a Agusta 2005 ba, bai kuma ga makarantar Barenboim-Said da aka buɗe a Barlin a 2016 ba, inda ɗaliban kiɗa, galibinsu daga Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka, suke karanta falsafa da tarihi da adabi cikin karatun digirinsu na shekara 4.

Shin ra'ayin ya tsaya da ƙafarsa? A ganinmu rabinsa ya tsaya. Cewa kiɗan taro yana horar da kunne da haƙuri, wannan ba abin musu ba ne. Inda ƙafar ta yi rauni shi ne tsallakawa daga kiɗa zuwa siyasa. Barenboim ya taɓa bayyana rushewar yarjejeniyar Oslo ta 1993 da harshen kiɗa: saurin tafiyar bai dace da nauyin abin da aka ɗauko ba, an yi gaggawar shiri, aka yi nawar aiwatarwa. Kwatancin yana da daɗin ji, amma kwatanci ba hujja ba ne. A ƙungiyar makaɗa an riga an yarda da takardar da za a bi, an yarda da madugu, kuma ba mai neman ƙwace kujerar wani. Abubuwan nan uku su ne ainihin abin da babu a rikicin ƙasa.

Akwai kuma suka daga waje. Masu kiran a ƙaurace wa Isra'ila sun zargi ƙungiyar da nuna kamar ɓangarorin biyu daidai suke, alhali ɗaya yana mamaye da ɗaya. A Isra'ila ma bai tsira ba, musamman bayan da ya jagoranci kiɗan Wagner a birnin Ƙudus a 2001, da kuma bayan da ya karɓi takardar zama ɗan Falasɗinu a 2008. Wani abin da ya fi jan hankalinmu: yawancin abin da Diwanin ke bugawa kiɗan Turai ne, Beethoven da Brahms da Wagner. Balarabe ne ke zuwa ya koyi harshen kiɗan Jamus, ba a ce Bature ya koyi maƙam na Larabawa ba. Abin da ɗan mamaki ga ƙungiyar da marubucin L'Orientalisme ya kafa. Mu da muka yi karatu da harshen wasu mun san cewa harshen da aka zaɓa domin tattaunawa yana ba wani ɓangare rinjaye tun kafin a buɗe baki. Sannan a 2019 wasu makaɗan da suka yi aiki ƙarƙashinsa a Barlin sun fito sun zarge shi da tsanani da wulaƙanci a wajen gwaji. Ya musanta cewa shi azzalumi ne, hukumomin birnin kuma suka sabunta kwangilarsa.

A yi masa adalci: shi da kansa ya sha faɗin cewa Diwanin ba zai kawo zaman lafiya ba, yaƙi da jahilci kawai yake yi, wato kowa ya san cewa wancan ma yana da labari. Ƙungiyar ba ta watse ba bayan Oktoba 2023. A Agusta 2024, shekararta 25, ya jagorance ta a Landan yana zaune a kujera. A Fabrairu 2025 ya sanar cewa yana fama da cutar Parkinson, ya kuma ce a cikin ayyukansa duka Diwanin ne nauyin da ya fi girma a kansa, zai ci gaba da jagorantarsa duk lokacin da lafiya ta bari.