Daga Gonakin Bunkure Zuwa Farantin Birni: Ina Ake Samun Abincin Gida Mai Kyau?

Tsakanin watan Janairu da Maris, wanda ya biyo titin Zariya zuwa Kano ba sai an gaya masa ya iso yankin noman rani ba. A Kwanar Gafan zai ga kwandunan tumatir jere har inda ido ya tsaya, ga manyan motoci ana loda musu kaya za su nufi Legas da Fatakwal, ga ƙananan motoci da a-kori-kura suna ɗauka zuwa kasuwar 'Yankaba. Gaba kaɗan, a Kura, ƙarar injinan casar shinkafa ba ta yankewa. Idan kuma ya karya ta hanyar Rano ya shiga Bunkure, zai tarar da alkama da masara da albasa sun yi kore shar, alhali rabon ƙasar da ruwan sama tun watan Oktoba.

Kaso mai yawa na abin da Kano ke ci daga nan yake fitowa. Amma manomin Bunkure da ya sayar da amfaninsa, ya shiga birni da 'yan kuɗinsa a aljihu, ya ce bari yau ya zauna a gidan abinci mai na'urar sanyaya ɗaki, sau da yawa ba abin gonarsa zai tarar a faranti ba. Dafa-dukar da za a kawo masa, tumatirin leda ne ya ba ta launi, wanda akasari daga Sin ake shigo da markaɗensa. Burodi da fulawar shawarma kuwa alkamarsu ta tsallako teku ne. Tsakanin Kura da tsakiyar birni tafiyar kilomita 30 ce ko kusa da haka, amma tazarar da ke tsakanin gonar da tukunyar ta fi wannan nisa.

Albarkar yankin ruwan Tiga ne. A zamanin mulkin Gwamna Audu Bako aka gina madatsar, tsakanin 1971 da 1974, a kan Kogin Kano. Daga can ruwa ke gangarowa da kansa ta babbar kwata, ba famfo ba inji, ya rarrabu cikin ƙananan hanyoyi zuwa gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam. An tsara kashin farko na aikin noman ranin ya shayar da kimanin hekta 22,000, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ke kula da shi. Bayan shekaru na toshewar hanyoyin ruwa da yaɗuwar kacala, shirin TRIMING na Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a 2014, ya yashe ya gyara da yawa daga cikinsu. Da damina shinkafa ce sarauniya. Da rani sai tumatir da tattasai da attaruhu da albasa da alkama su karɓi fili.

Cin abinci a waje kuwa ba tsohuwar ɗabi'ar magidanci ba ce a ƙasar Hausa. A da, mutum mai iyali da aka gani zaune gaban mai tuwo sai a fara tambayar ko lafiya a gidansa. Abin da aka sani shi ne ciyayya: bayan magariba ko isha'i maƙwabta su haɗu a ƙofar gida ko a zaure, kowa a fito masa da kwanonsa, a ci na wannan a ci na wancan, baƙo ma ya sa hannu. Buka ta matafiyi ce da gwauro da ɗan ci-rani. Sai dai saye da sayar da dafaffen abinci daɗaɗɗen abu ne, illa iyaka a cikin gidaje ake yinsa. Matan aure na yin ɗanwake da waina da fura da ƙosai a cikin kulle, yara su kai talla, ko a aiko da kwano a saya. Baturiyar nan mai bincike, Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa ta ƙasar Katsina a ƙarshen shekarun 1960, ta rubuta cewa wannan ciniki na cikin gida babban ginshiƙi ne na tattalin arzikin karkara, duk da ba a ganinsa a kasuwa. Har yau a Bunkure da ƙauyukanta wannan ita ce hanyar da mafi yawan abincin saye ke bi.

Birni ne ya sauya. Ma'aikaci ya bar gida tun safe daga Mariri ko Rijiyar Zaki ba zai koma ba sai dare. Ɗalibai sun yi yawa, 'yan kasuwa na zuwa Kantin Kwari da Singa daga Nijar da Chadi da Kamaru, kuma kowa sai ya ci. Mr Bigg's, wanda kamfanin UAC ya fara a Legas a 1986, shi ya koya wa 'yan Najeriya da yawa sayen abinci a bayan gilashi, sannan irinsu Chicken Republic suka biyo baya. A Kano akwai kuma tasirin Larabawan Labanan da Siriya da suka daɗe a garin, da na alhazai masu dawowa daga Makka da sha'awar mandi da kabsa. Yau daga titin Gidan Zu zuwa Nasarawa da Bompai, da wuya a yi tafiyar minti biyar ba a ga allon gidan abinci ba, kuma fita da iyali ranar Asabar ko da sallah ya zama abin ado, ba abin kunya ba.

Babu laifi a wannan. Gidajen sun samar wa matasa aiki, sun kawo tsafta da kyakkyawar tarba da ba a saba da su ba, kuma mace na iya shiga ta zauna ta ci cikin mutunci, abin da bukar tasha ba ta cika bayarwa ba. Inda gizo ke saƙa shi ne jerin abincin. Soyayyiyar shinkafa, dafa-duka, kaza, soyayyen dankali, shawarma: abin da ke wannan gida shi ne a wancan, shi ne kuma a Abuja da Ibadan. Idan an sa tuwo, a ƙarshen takarda yake, miyarsa kuma sau da yawa an yi ta tun jiya an sa a firji, dunƙulen Maggi ya danne daddawa, ba a ma maganar man shanu.

Masu gidajen na da hujjarsu, kuma ta cancanci a saurara. Tumatirin gona kayan lokaci ne. Da rani yakan yi arha har manomi ya rasa kuɗin kwando da na mota, a yanka shi a shanya a ƙasa ya zama kauɗa. Da damina kuma ya yi tsadar da ba ta taɓuwa. A 2016 tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma suka sa wa suna Sharon, ta cinye gonaki a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa cikin 'yan makonni. A shekarar ce kuma masana'antar sarrafa tumatir ta Dangote da ke Kadawa ta fara aiki, mai iya cin tan 1,200 a rana, amma ta sha tsayawa saboda ƙarancin kaya da saɓanin farashi tsakaninta da manoma. Mai gidan abincin da ya buga farashi a takarda yana son abin da ba ya canzawa daga Janairu zuwa Disamba, leda kuwa tana ba shi wannan. Ita ma shinkafar gida ta daɗe da baƙin jini saboda tsakuwa, domin mutum ɗaya da ya tauna dutse ya isa ya kori goma.

To amma wannan uzuri na biyu ya fara tsufa. Tun bayan rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, masu casa a Kura da manyan masana'antun Kano sun zuba jari a injinan cire tsakuwa da goge shinkafa. Matan da ke turara shanshara ma sun ƙware. Wanda ya san inda zai saya, zai samu shinkafa jamila ko sipi tas, mai ƙamshin sabuwar shinkafa da wadda ta kwana watanni a jirgin ruwa ba za ta taɓa yi ba. Ga tuwon shinkafa da waina da sinasir kuwa, ai dama ta gida ce take kamawa.

Ina mai neman abincin gida na gaske zai dosa? A cikin birni, amsar ba ta cika zama a kan manyan tituna ba. Gurasa, wadda Larabawan fatauci suka kawo Kano ta mayar da ita tata, a cikin ganuwa ake gasa ta a tanderu, a unguwanni irin su Jakara da Cheɗiyar 'Yan Gurasa. A yayyafa mata ruwa, a barbaɗa ƙuli-ƙuli da yaji, a zuba man gyaɗa da albasa da tumatir, ta zama bandashe; idan an haɗa da tsire mai zafi, babu wani abin gilashi da zai kama ƙafarta. Kilishi kuma a tambayi Agadasawa. Waina da miyar taushe ta safe ce, kuma a gaban mai tanda ake cin ta, domin da zarar ta huce a roba rabin daɗinta ya tafi. Garau-garau, wato shinkafa da wake da mai da yaji, shi ne abincin rana na dubban 'yan kasuwa da masu ɗinki, kuma mai sayar da na kirki ba ya kai la'asar.

Alamomin wuri mai kyau ba ɓoyayyu ba ne. Direbobin haya da 'yan dako sun fi kowa sanin inda ake tuwo mai daɗi, domin kullum suke ci kuma da guminsu suke biya. Wurin da ke dafa abu biyu ko uku ya fi wanda ke da suna arba'in a takarda. Tukunyar da ake ganin tururinta ta fi wadda ke ɓoye. Sannan a dubi inda ake wanke kwanuka kafin a dubi kujeru: idan ruwa ɗaya ne a baho tun safe, a yi sallama a wuce.

Maganar tsafta ba ta wasa ba ce. A 2021 ɗaruruwan mutane a Kano sun kwanta asibiti, wasu sun rasu, bayan shan abin sha da aka haɗa da gurɓataccen garin ɗan-tsami. Latas da kabejin da ake yi wa garau-garau ado da su, wani ɓangarensu a bakin kogin Jakara ake noma shi da ruwan kwatar gari da na masana'antu. Kayan lambun Bunkure da Kura na shan ruwan madatsa, wannan fifiko ne babba, amma su ma ba su tsira ba, domin akwai manoman da ke fesa maganin ƙwari yau su tsinki tumatir gobe. Ganyen da za a ci ɗanye sai an wanke shi sosai da ruwa mai tsafta, ko daga ina ya fito.

Tsada ma ta shiga lissafi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 farashin abinci ya yi tashin gwauron zabi, har hauhawarsa ta zarce kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. Iyalai da yawa sun rage fita, malmalar tuwo ta ƙanƙance, yankan nama ya sirance. A irin wannan hali abincin da kayansa ke kusa shi ne mai sauƙi, kuma nan ne yankin noman rani yake da damar da bai gama amfani da ita ba.

Wanda ya je bakin gonakin Bunkure da hantsi lokacin dashe ko girbi zai ga mata da 'yan mata da manyan robobi da kuloli suna ciyar da 'yan ƙwadago: ɗanwake da man ƙuli, dambun shinkafa da zogale, taliyar murji da mai da yaji, kunun tsamiya, fura da nonon da Fulanin yankin suka kawo da safe. Tumatirin da aka yanka a kai ƙila sa'a guda da ta wuce yana jikin reshe. A gidajen biki kuma har yanzu ana yin alkubus da funkaso da dashishi da alkamar da aka noma a bayan gari, abincin da yaran birni da yawa sai dai su ji sunansa. Ga karfasa da tarwaɗa daga Tiga. Kayan da babban mai dafa abinci zai yi alfahari da su a ko'ina a duniya duk suna nan, abin da babu shi ne wurin zama mai tsafta, mai ruwa da banɗaki da inuwa, inda matafiyi zai tsaya da iyalinsa ya ci hankali kwance.

Dubban motoci ke bin titin Kano zuwa Zariya a kullum. Masu su sukan tsaya su sayi rake da kankana da buhun shinkafa, amma abincin rana sai sun isa birni. Ƙungiyoyin matan da ke turara shinkafa, da matasan yankin da suka yi karatu suka dawo gida, su ne suka fi dacewa su cike wannan giɓi, in ƙananan hukumomin Kura da Bunkure da Garun Malam za su ba da fili da ruwa, su kuma sa ma'aikatan duba-gari su riƙa zagayawa da gaske. Masu gidajen abinci na birni kuwa ba abin da zai hana su ƙulla ciniki kai tsaye da manoma, su markaɗa tumatir su adana lokacin arha, su sauya jerin abincinsu da sauyin lokaci, su rubuta a fili cewa shinkafarsu ta Kura ce.

Mai ci ma yana da nasa. Mai gidan abinci abin da ake tambaya yake dafawa. Don haka, mai karatu, in ka zauna a gidan abinci a Kano, tambayi tuwo da miyar kuka mai daddawa, tambayi alkubus, ka kuma tambayi inda aka sayo shinkafar da za a zuba maka.