Sola a Rufin Motar Kwana: A Yi Lissafi Kafin a Sayi Faranti

A Jamus da Ingila da Amurka da Ostareliya akwai al'adar da ta daɗe da kafuwa, inda mutum zai sami ƙaramar bas, ya cire kujerun baya, ya kafa gado da murhu da firji da ɗan wurin wanke-wanke, ya mayar da ita ɗakin da yake tafiya da shi duk inda ya nufa. Tun a 1951 kamfanin Westfalia na Jamus ya fara yi wa bas ɗin Volkswagen irin wannan gyara, yau kuwa an fi yin sa a kan motocin kaya irin su Ford Transit da Fiat Ducato da Mercedes Sprinter. Mai irin wannan mota, wadda za mu kira motar kwana, idan ya yada zango a bakin teku ko gindin dutse babu turken lantarki da zai jona, shi ya sa farantin sola ya zama kayan da kusan kowa yake ɗorawa a rufi. Sai dai da yawa suna fara aikin daga inda ya kamata su ƙare shi. Sukan tambayi mai shago faranti nawa rufin zai ɗauka, su biya, su ɗaura, sannan a daren uku firji ya mutu su kama zargin kaya. A motar kwana lissafin abin da za a ci shi ne gaba, batir na biye, faranti shi ne na ƙarshe, kuma wanda ya juya wannan tsari ya sayi ɓacin rai da kuɗinsa.

Aikin ya yi kama da tarar ruwan sama. Faranti shi ne rufin kwano, waya ita ce indararo, batir kuma randa ce. Faɗin kwanon ne yake yanke yawan ruwan da za a tara, girman randar ne yake yanke kwana nawa za a yi ana sha bayan an ɗauke ruwa. Tsakaninsu akwai ƙaramar na'ura, kwantrola, wadda take daidaita wutar da ke shiga batir don kada ta wuce ƙima ta lalata shi. Wannan batir daban yake da wanda ke tayar da injin mota, domin in aka haɗa su wuri guda, mai mota zai wayi gari da sanyin ruwa a firji amma mota ta ƙi tashi. Inbata kuma ita ce ke mayar da wutar batir mai bolt 12 zuwa irin wutar gida, kuma a wajen mayarwar tana cinye wani abu, kusan kashi 10 cikin 100, don haka duk kayan da za su iya aiki kai tsaye da bolt 12 gara a bar su a haka.

Ma'aunin da ake lissafi da shi shi ne wat-awa, wato ƙarfin na'ura a ninka da awoyin da take aiki. Ɗauki misalin mata da miji da ke tafiya da kayan yau da kullum. Ƙaramin firji mai kwamfuresa zai ci wat-awa 500 a wuni idan akwai zafi. Ƙwayayen fitila huɗu masu wat 3, na awa biyar, sun ci 60. Fankar rufi mai wat 20, ta awa takwas, ta ci 160. Cajin kwamfuta sau biyu 120, wayoyin hannu biyu 30, famfon ruwa 30. Jimla 900, a ƙara asarar hanya a kira shi 1,000. Yanzu sai a dubi ɓangaren samu. Lambar da ke rubuce a bayan faranti an auna ta ne a ɗakin gwaji, da hasken wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita da zafin digiri 25, yanayin da rufin mota ba ya cika samu. Faranti mai wat 300, a ranar da aka sami cikakken haske na awa biyar, bayan an cire kashi ɗaya cikin huɗu na asarar zafi da waya da kwantrola, zai ba da wajen wat-awa 1,100. Daidai ruwa daidai tsaki ke nan, kusan babu rara. Idan kuwa aka ce a ƙara esi mai jan wat 800 na awa shida, ita kaɗai ta ci 4,800, fiye da ninki huɗu na abin da rufin ya tara a wunin.

Wani zai ce farashin faranti ya faɗi ƙasa warwas, kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020, to me zai hana a cika rufin kawai a huta da lissafi? Gaskiya ne kuɗin faranti ya daina zama cikas, amma filin ɗora shi bai ƙaru ba. Farantin farko mai amfani da aka ƙera a ɗakunan bincike na Bell a Amurka a 1954 yana mayar da kashi 6 cikin 100 ne kawai na haske zuwa lantarki, na kasuwa a yau sun kai kashi 20 zuwa 22, wato wat 200 da ɗoriya a kowace murabba'in mita. Rufin mota 'yan mitoci ne, kuma fanka da tagar sama da eriya duk suna da kaso a ciki, saboda haka abin da zai hau bai wuce 'yan ɗaruruwan wat ba. Ga kuma lokacin shekara. Rufin da ya wadatar a watan Yuni a Ingila, a Disamba ba ya samun cikakken hasken awa ɗaya a wuni, ga farantin yana kwance ba ya fuskantar ranar da take can ƙasa-ƙasa, sai wat-awa 1,100 ɗin nan su koma wajen 200. Ko da an cika rufin maƙil ba a cike wannan giɓi ba. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce rage ci: a dafa da gas maimakon lantarki, a sayi firji mai kaurin bango, a lulluɓe jikin motar da abin hana zafi da sanyi shiga. Wat-awa ɗayan da aka ƙi kashewa ya fi araha a kan wanda za a nemo daga rufi.

Batir ne wurin da rashin lissafi ya fi cin mutum. Batir mai amfiya-awa 100 a bolt 12 yana riƙe wat-awa 1,200 a takarda, amma na dalma, irin wanda muka saba gani, ba a so a sha fiye da rabinsa, in ba haka ba kwanansa ya gajarta. Na litiyam nau'in LiFePO4 ana iya shan kashi 80 zuwa 90 nasa, yana kuma jure caji da saukewa sau dubbai, alhali na dalma ɗaruruwa yake yi. Matafiyan misalinmu, in suna son su jure kwana biyu na gajimare, suna buƙatar litiyam mai amfiya-awa 200, nauyinsa wajen kilo 25, ko kuma na dalma mai 400 wanda zai kai kilo 100 ko ya wuce. Nauyi kuwa ba ƙaramar magana ba ce, domin a Turai lasin tuƙin mota na gama-gari ya tsaya ne a kilo 3,500, kuma gado da tankin ruwa da katako sun riga sun cinye mafi yawansa. Mai cewa litiyam ya yi tsada yana da hujja a ranar saye, amma in aka raba kuɗin bisa shekarun aiki, araha ba ta ado. Litiyam ɗin ma yana da nasa sharaɗi: ba a yi masa caji idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri sifili, shi ya sa masu tafiya ƙasashen ƙanƙara suke ajiye shi cikin ɗaki ko su sayi mai na'urar ɗumama kansa.

Akwai kuma masu ganin sola ɓata kuɗi ce tunda injin motar yana da altaneta, ga kuma ƙaramin janareta. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Na'urar caji da ke ɗebo wuta daga altaneta zuwa batirin ɗaki, mai amfiya 30, tana zuba wajen wat-awa 400 a tuƙin awa ɗaya, ninki biyu na abin da rufin zai tara a wunin Disamba. Wanda kullum yake kan hanya zai iya rayuwa da ita kaɗai. Amma an sayi motar kwana ne don a tsaya, kuma a kwanakin tsayuwar nan ne sola take aikinta shiru, ba ƙara ba hayaƙi, yayin da wuraren zango da dama suke taƙaita lokacin kunna janareta ko su hana shi ɗungurungum. Hanyoyin biyu abokan juna ne, ɗaya na ranar tafiya da lokacin sanyi, ɗaya na ranar zama, kuma lissafin ne zai faɗa wa mutum nawa yake buƙata daga kowanne.

Ɗaurawar kanta tana da ƙa'idoji waɗanda sakaci da su yake jawo asarar dukiya, wani lokaci har da rai. Faranti mai gilashi da firam ya fi daɗewa a kan mai lanƙwasuwa da ake mannawa kai tsaye, domin ratar da ke ƙarƙashinsa tana barin iska ta sanyaya shi. Dole a kafe shi da ƙafafu da noti ko gam mai ƙarfi da aka yi don wannan aiki, tunda farantin da ya ɓalle a gudun kilomita 100 wuƙa ce ga na baya. Duk hujin da aka yi a rufi a shafa masa fenti don tsatsa, a toshe shi don yoyo. Inuwar fanka ko eriya a kan ɗan sashe tana rage wutar farantin fiye da girmanta, saboda ƙwayoyinsa a jere suke kamar sarƙa. Kwantrola nau'in MPPT ta fi ta PWM tatso wuta, musamman da sanyi, kuma ita batir ake fara jona mata kafin faranti. Mafi haɗari shi ne waya. Inbata mai wat 1,000 tana jan amfiya 90 zuwa 100 daga batirin bolt 12, siririyar waya kuwa za ta yi zafi har ta kama wuta a ɗakin da mutane suke barci. Don haka waya ta zama mai kauri kuma gajera, a sa fis dab da kan batir, wanda bai iya ba kuma ya kira mai sana'ar.

A ƙasar Hausa ba a saba da motar kwana ba, amma motocin asibitin tafi-da-gidanka da na masu sayar da kayan sanyi suna fuskantar tambaya iri ɗaya. Kano da Damagaram da Agadas suna samun cikakken haske na awa biyar zuwa shida a mafi yawan ranakun shekara, abin da Bature zai yi sha'awa, sai dai yawan rana bai ɗauke wa kowa lissafi ba. Duk digiri ɗaya da faranti ya haura 25 yana rasa kusan kashi 0.4 cikin 100 na ƙarfinsa, kuma a bazara yakan kai digiri 65, wato asarar kashi 16 ke nan. Zafin nan yana sa firji ya ƙara ci, yana kuma tsufar da batirin dalma da wuri. Da hunturu hazo yana rage haske, ƙura tana lulluɓe gilashi, sai an riƙa gogewa. Ga wata matsala da direba ya fi kowa sani: mota tana son inuwa, faranti yana son rana, abin da ya sa wasu suke riƙe ƙarin faranti mai naɗewa da doguwar waya, su ajiye mota a gindin bishiya su shimfiɗa shi a fili.

Saboda haka wanda yake shirin wannan aiki ya fara da takarda da biro. Ya rubuta kowace na'ura da wat ɗinta da awoyinta, in da hali ya auna cin firjinsa na mako guda, ya soke abin da zai iya yi ba tare da lantarki ba, ya zaɓi batirin da zai riƙe shi kwana biyu, ya dubi watan da ya fi ƙarancin haske a inda zai je. Sannan ne zai hau rufi da tef ya ga ko abin da lissafin ya nema zai shiga. In bai shiga ba, ya sauko ya rage jerin kayansa tun kuɗinsa suna aljihu.