Sikeli Kaɗai Ba Ya Auna Ƙarfin Jiki

A yankin Kadawa, inda ruwan madatsar Tiga da aka kammala a 1974 yake shayar da gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, manomin rani kan wuni yana yanka wa fangali ruwa, ko yana jidar kwandunan tumatir zuwa kasuwar Kwanar Gafan. Da yawa daga cikin waɗannan manoma sirara ne. Duk da haka a ƙasar Hausa an saba ɗaukar ƙiba alamar lafiya da wadata, har ana yi wa siririn ɗalibi ba'a, wasu 'yan mata kuma suna shan ƙwayoyin da ake kira "sha ka fashe". To, me nauyi yake nunawa game da lafiya?

Sikeli yana haɗa nauyin ƙashi da tsoka da kitse da ruwa ne a dunƙule, ba ya rarrabewa. Tsoka kuwa ta fi kitse nauyi: lita ɗaya ta tsoka ta kai kimanin kilo 1.06, ta kitse kuwa kimanin kilo 0.9.

Akwai lissafin da likitoci ke kira BMI, wanda asalinsa daga Adolphe Quetelet ne, masanin lissafi ɗan Beljiyam, a shekarun 1830. Ana raba nauyin mutum a kilo da tsawonsa a mita wanda aka ninka da kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki 18.5 zuwa 24.9 a matsayin daidai ga baligi. Alal misali, mai tsawon mita 1.70 da nauyin kilo 60 zai sami 20.8. Ɗan dako mai wannan tsawo da kilo 75 zai sami kusan 26, wato lissafi ya ce ya yi ƙiba, alhali tsoka ce ta cika jikinsa. Bugu da ƙari, waɗannan alƙaluma ba na ɗaliban da ke cikin girma ba ne. Su akwai jadawalinsu daban bisa shekaru da jinsi.

Akasin haka ma yana faruwa. Yaron da ke wanka a magudanar ruwa yana iya kamuwa da tsargiya, wadda ƙananan dodon koɗi ke yaɗa ƙwayoyinta. Jini yana zuba a fitsarinsa kaɗan-kaɗan, sai ya riƙa haki da kasala saboda ƙarancin jini, sikeli kuwa bai nuna wani sauyi ba. Irin wannan yaro asibiti yake bukata, domin tsargiya tana da magani.

Malamai za su iya gwada awo uku a makaranta ba tare da kashe ko kwabo ba. Na farko, bugun zuciya: a ɗora yatsu biyu a wuyan hannu a ƙirga na minti ɗaya. Ga baligi a zaune, 60 zuwa 100 ne daidai, kuma wanda jikinsa ya saba da aiki bugunsa kan yi ƙasa. Na biyu, a sake ƙirgawa bayan gudu. Saurin komawarsa daidai alamar ƙarfin zuciya ce. Na uku, a auna tsawon mutum da igiya, a ninke ta biyu, a zagaya cikinsa daidai cibiya. Idan ba ta haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa, wanda shi ne aka fi dangantawa da ciwon sukari da hawan jini.

Ƙwayoyin ƙiba kuwa, wasunsu suna tara ruwa da kitse ne a fuska da ciki, suna raunana tsoka da ƙashi, suna kuma jawo hawan jini.

Saboda haka, ɗalibin da ke cin abinci mai gina jiki, yake motsa jikinsa na aƙalla minti 60 kullum kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta, ba shi da dalilin jin kunyar siffarsa. Wanda kuwa ya ga yana ramewa ba dalili, ko ya ga jini a fitsarinsa, to ya garzaya asibiti mafi kusa.