Abin Da Majiyyaci Ke Nema A Asibiti

Kowa ya taɓa raka mara lafiya asibiti ya san wahalar da ke tsakanin ƙofa da ƙofa. Mace mai ciki ta zo awo ran Litinin, a ce mata allurar rigakafin ɗanta sai ran Laraba. Mai tarin fuka wanda kuma ke ɗauke da ƙanjamau ya yanki kati nan, ya yanki wani can, kowane ɗaki ya shiga sai ya maimaita labarinsa tun daga farko. Kowace komowa kuwa kuɗin mota ne, ga yinin gona ya salwanta. Da yawa in sun gaji sai su daina zuwa, su koma wa masu tallan magani.

Sabo da haka ne a 2016 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da wani tsari, watau a haɗa ayyukan kiwon lafiya su zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya, a shirya su bisa bukatar mutum maimakon sunan cuta. Nijeriya ta riga ta kama hanyar, don tun 2011 Majalisar Lafiya ta Ƙasa ta yarda kowace jiha ta tattara ƙananan asibitocinta ƙarƙashin hukuma guda. Kafin nan ma, a 2007, Jigawa ta kafa tsarin Gunduma, wanda ya haɗa ƙananan asibitoci da manyansu a hannu ɗaya.

To, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Majiyyaci bai san sunan hukuma ba, bai ga takardun ofis ba. Ma'auninsa dabam ne. Yana so a gama masa bukatunsa a zuwa guda. Yana so a bar shi ya ƙare maganarsa kafin a ɗauki alƙalami. Yana so a gaya masa abin da ke damunsa da harshen da yake ji, da yadda zai sha magani, da ranar komowa. Yana so a rufa masa asiri, kada a ambaci cutarsa a gaban masu layi. In an tura shi babban asibiti, yana so ya tafi da takarda, don kada ya isa can kamar baƙon da ba a san da zuwansa ba.

Wanda ya sami waɗannan zai komo, ya shanye maganinsa, har ya kawo iyalinsa. Wanda aka daka wa tsawa kuwa, ko an ba shi magani mai kyau, da wuya a sake ganinsa. Lalle shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Sai dai a lura, haɗa ayyuka wuri guda yana da nasa nauyi. In aka ɗora wa ma'aikaciya ɗaya awon ciki da rigakafi da ba da magani, ba a ƙara mata mataimaka ba, layi zai yi tsawo, sauraro ya gajarta. Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2018 ya ƙiyasta cewa a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki, mutum miliyan 5 ke mutuwa a shekara sabo da rashin ingancin kulawar da suka samu, miliyan 3.6 kuma sabo da rashin zuwa asibiti. Ashe buɗe ƙofa kaɗai bai wadatar ba.

A wannan shekara ta 2018 ne kuma Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da takardar haƙƙoƙin majiyyaci, wadda ta ba shi ikon samun cikakken bayani, da sirri, da mutuntawa. Amma takarda ba ta karanta kanta.

Nan ne aiki ya zo kanmu. Mu malamai mu koya wa yara cewa tambayar likita ba rashin kunya ba ce. Ku akawuna masu riƙe da rajista da kati, ku ne fuskar farko da majiyyaci ke gani; ku adana katinsa, ku nuna masa hanya. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.